Tambayoyi da amsoshi kan amosanin gaɓa: wai wa ke cinye guringuntsin ne?

Ciwon da ake magana a kai nan shi ne wanda likitoci ke kira ostiyo-atiraitis, mu kuma mu ce amosanin gaɓa ko zaizayar gaɓa, wasu ma duk ciwon gaɓoɓi su haɗa su kira sanyin ƙashi. Za ku ci karo da sunaye masu nauyi a baki, kar su tsorata ku, ba a ce sai an haddace su ba, abin da suke yi a cikin gaɓar shi ne labarin.

Wai ba tsufa ne kawai ba? Gaɓa ta gaji ta cinye kamar tayar mota?

Wannan misalin tayar ya daɗe yana yawo, har a bakin likitoci, kuma shi ne ya fi ɓatar da mutane. Taya ba ta da rai, duk tafiyar da ta yi raguwa take. Guringuntsi kuwa akwai ƙwayoyi masu rai a cikinsa da suke jin nauyin da aka ɗora musu, su kuma mayar da martani. Abin da bincike ya nuna shi ne in nauyi ya zo ta hanyar da ba daidai ba, ko an ji rauni, ko shekaru sun canza halin ƙwayoyin, to su da kansu ne suke fitar da sinadaran da ke narkar da gidan da suke ciki. Wato dai ɓarawon na cikin gida ne. Kuma abin bai tsaya a guringuntsi ba, ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da tantanin da ya lulluɓe gaɓar ta ciki, da jijiyoyin da suka ɗaure ta, da kitsen da ke bayan ƙoƙon gwiwa, duk da su ake yi.

Shekaru na da hannu kam, ba musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 528 ne ke da ciwon, kusan kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kuma gwiwa ce kan gaba da mutum miliyan 365. Amma ai akwai tsoho mai shekara 80 da gwiwarsa garau, ga ɗan 40 yana ɗingishi.

To shi guringuntsin me ke cikinsa?

Nan zan ɗan daɗe, don in an gane wannan sauran duk sauƙi ne.

A ƙarshen kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai wani farin abu mai sheƙi, kaurinsa a gwiwa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Sauran kuma abu biyu ne manya. Na farko kolajin nau'i na 2, wasu zaruruwa masu ƙarfi da aka saƙa kamar raga. Na biyu wani ƙaton furotin da ake kira agrikan, siffarsa kamar burushin wanke kwalba, sanda ɗaya a tsakiya da gashi ko'ina, gashin nan sarƙoƙin sukari ne da ake kira kondiroyitin salfet da keratan salfet, kuma duk suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, shi ya sa suke ture juna suna jan ruwa kamar me. Su agrikan ɗin kuma a jere suke maƙale da wata doguwar igiya mai suna hayaluronan, ɗaya bayan ɗaya, har su zama dunƙulen da ya fi ƙarfin ya fice ta ramukan ragar.

To ka ga yadda abin yake: agrikan na son ya sha ruwa ya kumbura, ragar kolajin ta riƙe shi ta hana shi. Wannan ja-in-jar ita ce ta sa guringuntsi yake tsaye ƙyam kamar ƙwallon da aka cika da iska. In ka taka ƙasa ruwan ya ɗan matsu ya fita, in ka ɗaga ƙafa ya koma. A samansa kuma akwai wani furotin, lubirisin, wanda tare da ruwan gaɓa yake sa santsin wurin ya fi na ƙanƙara a kan ƙanƙara.

Masu kula da duk wannan ginin ƙwayoyi ne iri ɗaya tak, kondirosait, kuma ba su da yawa ko kaɗan, ba su kai kashi 5 cikin 100 na girman guringuntsin ba. Kowace tana zaune ita kaɗai a ɗan ɗakinta, ba ta zuwa ko'ina, ba ta cika rabuwa biyu ba, haka za ta yi shekara da shekaru.

An ce ba jini a cikinsa, da me yake rayuwa ke nan?

Gaskiya ne, ba jijiyar jini, ba jijiyar jin zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake tsotsa, kuma wannan matsewa da sakewa da ake yi lokacin tafiya ita ke taimaka wa abincin ya shiga, dattin ya fita, kamar soso a cikin ruwa. Shi ya sa gaɓar da aka ɗaure ta daɗe ba motsi guringuntsinta yake sirancewa. Iskar oksijin ma kaɗan ce ke kaiwa can ciki, ƙwayoyin sun saba da rayuwar ƙunci, da sukari suke samun yawancin ƙarfinsu ba tare da sun dogara da oksijin sosai ba.

Waɗanne sinadarai ne suke yanka shi?

Almakasai ne iri biyu, a ilimin kimiyya ana ce musu enzayim. Masu yanka agrikan su ne ADAMTS-4 da ADAMTS-5, masu yanka kolajin kuma dangin MMP, kuma babban mugu a cikinsu MMP-13, don shi ya fi kowa ƙwarewa a kan kolajin nau'i na 2. A lafiyayyar gaɓa ma akwai su, ɗan kaɗan, don gyara ai sai da rushe tsoho, kuma akwai masu tsaronsu da ake kira TIMP da suke riƙe musu hannu. Ciwon yana farawa ne ranar da almakasan suka fi masu tsaron yawa.

Yawanci agrikan ake fara rasawa. Na taɓa zama ina kallon yankan guringuntsi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, an rina shi da wani rini mai suna safaranin da yake kama agrikan ya yi ja. Lafiyayyen ja ne jawur tun daga sama har ƙasa, samansa sumul kamar an goge. Mai ciwon kuwa saman ya koɗe ya yi fari-fari, jan sai can ƙasa, bakin ya tsattsage kamar gefen tsohon tsumma, ga ƙwayoyin sun taru gungu-gungu a bakin tsagar kamar mutanen da suka fito kallon gobara. Tun ranar ban sake cewa gaɓa cinyewa take kamar taya ba.

A 2005 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Ostareliya, suka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon ADAMTS-5 guringuntsinsu yana tsira daga lalacewar da ke samun sauran. Wannan ya sa ido ya koma kansa sosai.

Ga inda gizo ke saƙar: agrikan in ya tafi ƙwayar za ta iya yin sabo. Kolajin in aka yanka ragar, shi ke nan, an wuce wurin. Da zarar ragar ta saki, guringuntsin sai ya sha ruwa ya kumbura ya yi laushi, ka ga a farkon ciwon ma kauri yake ƙarawa kafin ya fara zubewa.

Amma me zai sa ƙwayar da aikinta gini ta koma rushewa?

Tambayar ke nan da ta fi kowace, kuma amsar ba ɗaya ba ce.

Kondirosait tana jin nauyi. A jikin fatarta akwai wasu ƙofofi da suke buɗewa in an matsa ta, kalsiyom ya kwarara ciki. Ɗaya ana kiranta TRPV4, ita ke amsa matsi na daidai wa daida irin na tafiya, kuma saƙonta shi ne a ci gaba da gini. Wasu kuma Piezo1 da Piezo2, waɗanda ɗakin binciken Ardem Patapoutian ya gano a 2010, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021, su sai matsi ya yi tsanani suke buɗewa, kuma in kalsiyom ya yi yawa ƙwayar na iya jikkata ko ta mutu. Ban da wannan, a kewayen kowace ƙwaya akwai sinadarai da aka ɓoye a ajiye, irin su FGF-2, da zarar an murƙushe wurin sai su fito su shelanta cewa an yi rauni.

Daga nan sai abin ya shiga zagaye. Almakasai sun yanka, gutsattsarin agrikan da hayaluronan da wani furotin mai suna fibironektin sun faɗa cikin ruwan gaɓa. Jiki kuma yana da wasu masu gadi a fatar ƙwayoyi, TLR2 da TLR4, asalin aikinsu su gane ƙwayoyin cuta, to amma waɗannan gutsattsarin ma suna tayar da su. Suna tashi sai su kunna wani babban makunni a cikin ƙwayar mai suna NF-kappa-B, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya buɗe shafukan da ke yin MMP-13 da ADAMTS da sinadaran kumburi irin su IL-1 beta da TNF-alfa da IL-6, ya kuma danne SOX9, wanda shi ne shugaban da ke ba da umarnin yin kolajin nau'i na 2 da agrikan. An ƙara almakasai, an rage magina, gutsattsari sun ƙaru, masu gadi sun ƙara tashi, haka dai har illa masha Allahu.

Akwai kuma wani abu da ya fi ba ni mamaki. Lokacin da yaro ke girma, a ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsin da dama an yi shi ne don ya zama ƙashi, ƙwayoyinsa su kumbura su yi girma, su fitar da kolajin nau'i na 10 da MMP-13, su kira jijiyoyin jini da wani sinadari mai suna VEGF, su mutu, ƙashi ya maye gurbinsu. Kondirosait ɗin gaɓa an hana ta bin wannan hanyar tsawon rai. A amosanin gaɓa birkin ne yake tsinkewa, makunnai irin su RUNX2 da HIF-2 alfa da hanyar saƙo ta Wnt su tashi, ƙwayar dattijo ta fara abin da ya kamata a ce ta yaro ce ke yi, tana ƙoƙarin mayar da guringuntsin ƙashi.

Ke nan akwai kumburi? Meye bambancinsa da ɗaya ciwon gaɓar nan da ake kira rumatoyid?

Akwai, amma mai ci a hankali, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Tantanin cikin gaɓa, sinobiyom, yana da ƙwayoyin makarofej masu share datti, su ne suke haɗiye gutsattsarin nan su fusata su ƙara zuba sinadaran kumburi, wani lokaci gwiwar ta tara ruwa ta yi ɗumi. A rumatoyid kuwa garkuwar jiki ce take kai hari kai tsaye, wuta ce mai harshe, takan kama gaɓoɓin dama da hagu tare, sandarewar safe ta wuce awa guda. A amosanin gaɓa sandarewar safe ba ta cika wuce minti 30 ba, kuma ciwon da aiki yake ƙaruwa. Maganinsu ma ba ɗaya ba ne, shi ya sa bai kamata mutum ya yanke wa kansa hukunci ba sai likita ya duba.

In guringuntsi ba ya jin zafi, to wannan azabar daga ina take?

Daga maƙwabta. Sinobiyom, da ƙashin ƙasa, da fatar ƙashi, da jakar da ta rufe gaɓar, da kitsen bayan ƙoƙon gwiwa, duk cike suke da jijiyoyin jin zafi. Sinadaran kumburi, musamman furostagilandin E2, suna rage musu haƙuri, abin da da ba zai dame su ba yanzu ya sa su ihu. Magunguna irin su ibufurofen da dikilofenak abin da suke yi ke nan, su toshe enzayim ɗin COX da ke yin furostagilandin, sai dai in an daɗe a kansu ciki da ƙoda suna biyan bashin, kuma ba sa hana lalacewar ci gaba.

Akwai kuma NGF, sinadarin da ke sa jijiyoyi tsiro da ƙara musu ji. Yana ƙaruwa a gaɓa mai ciwo, har sababbin jijiyoyi su biyo jijiyoyin jini su ratso daga ƙashi zuwa ƙasan guringuntsin, inda da babu su. An yi wata allura mai toshe shi, tanezumab, kuma ta rage ciwo da gaske, amma a wasu mutanen sai gaɓar ta lalace da sauri fiye da ƙima, hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka ƙi amincewa, a 2021 aka ajiye aikin.

In ciwo ya daɗe kuma, laka da ƙwaƙwalwa su ma suna ƙara ƙarar rediyon, ƙaramin saƙo ya iso da ƙarfi. Wannan na cikin dalilan da hoton eksire da ciwo ba sa tafiya tare. Likitoci suna auna hoton da ma'aunin Kellgren da Lawrence na 1957, daga 0 zuwa 4, kuma za ka ga mai mataki na 3 yana yawonsa lafiya lau, mai mataki na 1 bai yi barci ba. Kawuna haka yake, hotonsa likita ya ce ba laifi sosai, amma in zai tashi daga kujera sai ya dafa gwiwa da hannu biyu, ya ɗan tsaya a sunkuye yana jiran ta yarda, sannan ya miƙe.

Likita ya ce ƙashi ya tsiro a gefen gwiwata, me ke nan?

Ostiyofait ake ce masa. Ƙwayoyin da ke gefen gaɓar, in wasu sinadaran saƙo, TGF-beta da BMP, suka zuga su, sai su fara yin sabon guringuntsi wanda daga baya ya zama ƙashi, kamar jiki na son ya faɗaɗa wurin ɗaukar nauyi. A yatsu su ne ƙulle-ƙullen nan da ake gani kusa da farce, waɗanda aka sa wa sunan likitan Ingila William Heberden.

Ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin shi ma ba a zaune yake ba. Da farko ƙwayoyin da ke cin ƙashi su yi yawa saboda wani saƙo mai suna RANKL, wurin ya yi rauni, daga baya kuma ya yi kauri, sai dai kaurin banza ne don ma'adinin cikinsa bai cika ba. A hoton MRI ana ganin wasu tabbai a ɓargon wurin, kuma waɗannan sun fi dacewa da ciwon da mutum ke ji a kan sirancewar guringuntsin kansa.

To tsufan me yake yi takamaimai?

Abubuwa da dama a tare. Tunda jiki ba ya sabunta kolajin ɗin guringuntsi, sukarin jini yana ta maƙale masa shekara da shekaru yana ɗaure zaruruwan da juna, ragar ta yi tauri ta zama mai saurin karyewa, har launin guringuntsin tsoho yakan koma rawaya-rawaya. Injinan wutar ƙwaya, mitokondiriya, su fara yoyon sinadarai masu ƙona abin da suka taɓa. Tsarin da ƙwaya ke share dattin cikinta da shi, otofaji, ya yi sanyi. Shi TGF-beta da yake kare guringuntsin matashi ta ƙofar ALK5, a tsoho ƙofar ta ragu sai saƙon ya fi bi ta ALK1, wadda ke kai wa ga MMP-13, saƙo ɗaya amma ya shiga gidan da ba nasa ba.

Sai kuma ƙwayoyin da suka yi ritaya amma suka ƙi barin ofis. Sun daina rabuwa, ba su mutu ba, suna zaune suna zubar da sinadaran kumburi da almakasai suna lalata na kusa da su. A 2017 an nuna a ɓeraye cewa in aka kashe irin waɗannan ƙwayoyin gaɓar tana samun sauƙi, kowa ya yi murna, aka gwada maganin mai suna UBX0101 a gwiwar mutane, a 2020 sakamako ya fito bai fi allurar bogi ba, wato wadda ba magani a cikinta, da ake yi don kwatantawa.

Ƙiba fa, nauyin ne kawai matsalar?

Nauyin babba ne, don a tafiya ta yau da kullum gwiwa na ɗaukar ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki, kuma wani bincike na 2005 ya nuna duk kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Amma masu ƙiba sun fi samun ciwon har a yatsun hannu, kuma ai ba wanda ke tafiya da yatsu. Dalili shi ne kitse ba ajiya ce kawai ba, yana fitar da sinadarai irin su leftin da IL-6 cikin jini, kuma kondirosait na da ƙofar karɓar leftin, in ya yi yawa ta ƙara fitar da almakasai. A 2024 an buga gwajin da aka yi wa mutum 407 masu ƙiba da ciwon gwiwa da allurar rage ƙiba mai suna semagulutaid, cikin mako 68 waɗanda aka yi wa allurar suka rage kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinsu, ciwon ma ya ragu fiye da na waɗanda aka ba na bogi.

Ana gadonsa? Kuma me ya sa ya fi kama mata?

Binciken tagwaye ya nuna gado na da kashi 40 zuwa 65 cikin 100, gwargwadon gaɓar. Amma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, da yawa ne kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Wadda aka fi sani GDF5, mai hannu a yadda gaɓa ke samun siffarta tun a ciki. Wani babban bincike na 2021 a kan mutum sama da 800,000 ya samo wurare 100 a cikin gado masu alaƙa da ciwon. Da yawansu aikinsu a ginin ƙashi da guringuntsi ne, wato wani tun haihuwa siffar ƙugunsa ko gwiwarsa ta sa nauyi yana taruwa a gefe guda.

Mata su ne kusan kashi 60 cikin 100 na masu ciwon, kuma tazarar tana buɗewa ne bayan shekara 50, lokacin ɗaukewar al'ada. Kondirosait na da ƙofar karɓar istirojin, sinadarin mata da ke raguwa a lokacin, ga bambancin siffar ƙugu da ƙarfin tsokar cinya.

Na tsinke jijiyar gwiwa a ƙwallo, an yi min aiki, na tsira?

Ba zan ɓoye maka ba, kusan rabin waɗanda suka tsinke jijiyar tsakiyar gwiwa ko suka yaga faifan guringuntsin nan da ake kira meniskos suna nuna alamun ciwon a hoto bayan shekara 10 zuwa 20, kuma aikin tiyata yana dawo da tsayuwar gwiwa ne, bai goge haɗarin ba. A daidai lokacin bugun wasu ƙwayoyi sun mutu, jini ya zuba a gaɓa, sinadaran kumburi sun yi tashin gwauron zabi na makonni. Abin da ke hannunka shi ne ƙarfin tsokar cinya da nauyin jiki da kauce wa rauni na biyu.

Ƙas-ƙas ɗin yatsu yana jawo shi?

A'a. Kumfar iska ce a ruwan gaɓa. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya yi sama da shekara 50 yana ƙas da yatsun hannun hagu kawai yana barin na dama, bai ga bambanci ba, har aka ba shi kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2009.

Guringuntsin da ya tafi zai dawo?

Tun 1743 likitan nan William Hunter ya rubuta cewa guringuntsi in ya lalace ba ya gyaruwa, kuma har yau ba a ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Hujjar da ta fi burge ni daga Denmak ta fito a 2016. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 zuwa farkon 1960 sun ƙara yawan wani nau'in sinadarin kabon mai suna kabon-14 a iska, kuma duk abin da jiki ya gina yana ɗauke da tambarin shekarar da aka gina shi. Da suka auna kolajin ɗin gwiwar mutane sai suka ga tambarin na lokacin girmansu ne, ko a masu ciwon ma ba a sabunta shi ba. Wato ragar da ka gama saƙawa kana saurayi da ita za ka tsufa. In rami ya kai har ƙashi jini ya shigo, jiki yakan cike shi, amma da wani guringuntsi mai kolajin nau'i na 1, faci ne, ba ya jure abin da na asali ke jurewa.

Duk wannan ilimin, ina maganin?

Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi cewa yana tsayar da lalacewar, kuma ba don ba a gwada ba. An yi masu toshe MMP, sai suka toshe har da na kirki, mutane suka fara ciwon kafaɗa da sandarewar hannu. An gwada masu toshe IL-1 kai tsaye a gwiwa, ba su yi abin kirki ba, sai dai wani abin mamaki, a babban gwajin ciwon zuciya na mutum sama da 10,000 da aka yi da kanakinumab, wata allura mai toshe IL-1 beta, da aka waiwaya a 2020 an ga waɗanda suka sha allurar ba a cika yi musu tiyatar canjin gwiwa ko ƙugu ba kamar sauran. Sifirifamin, wato FGF-18 na ɗakin gwaji, ya ƙara kaurin guringuntsi da kusan milimita 0.05 a shekara 2, amma ciwon bai ragu ba.

Ni a ganina matsalar biyu ce. Ɓera ana ji masa rauni yau a ba shi magani gobe, mutum kuwa sai ciwon ya yi shekaru yana ci a ɓoye kafin ya zo asibiti, ragar ta riga ta yage. Sannan abin da muke kira da suna ɗaya wataƙila cututtuka ne da yawa da suka haɗu a ƙarshen hanya, na mai ƙiba daban, na ɗan ƙwallo daban, na tsohuwa mai yatsu daban, in ka zuba su a gwaji ɗaya ka ba su magani ɗaya dole sakamako ya dagule. In gaɓa ta ƙare gaba ɗaya akwai canjin gaɓa, wanda John Charnley ya kafa tsarinsa na zamani a ƙugu a Ingila a farkon shekarun 1960, kuma yana aiki sosai.

Gulukosamin da allurar gwiwa fa?

Gulukosamin da kondiroyitin, ƙwayoyin nan da ake sha don ƙarfafa gaɓa, an gwada su a Amurka a kan mutum 1,583, sakamakon 2006 ya nuna a dunƙule ba su fi na bogi ba. Abin da ka haɗiya hanji ne zai fara narkar da shi, ba wai zai tafi ya liƙe a gwiwa ba. Allurar sitiroyid, maganin kumburi da ake yi a cikin gaɓa, tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, tana da ranarta, amma a gwajin 2017 da aka riƙa yi wa mutane duk wata 3 har shekara 2, guringuntsinsu ya fi na masu allurar ruwan gishiri sirancewa, ciwon kuma ɗaya. Allurar da ake haɗawa daga jinin mutum, PRP, ita ma a wani gwaji mai kyau na Ostareliya a 2021 ba ta fi ruwan gishiri ba.

To in huta ne ko in motsa? Ina tsoron in ƙarasa cinye ta.

Motsa, ranka ya daɗe. Ka tuna ƙofar TRPV4 da soson nan, matsi na daidai shi ne yake ciyar da ƙwayar ya kuma ce mata ta yi gini, har yana danne NF-kappa-B ɗin. Tsokar cinya mai ƙarfi kuma tana shanye girgizar kafin ta kai gaɓa. Masu gudu don motsa jiki ba a same su da ciwon fiye da masu zama ba. Tafiya, keke, iyo, motsa jikin ƙarfafa cinya, a fara kaɗan a riƙa ƙarawa. Ɗan ciwo lokacin motsi ba alamar ɓarna ba ce in ya lafa zuwa washegari, in bai lafa ba an yi yawa, a rage. Amma gwiwar da ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi da ja, ga zazzaɓi, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, wannan ba ta motsa jiki ba ce, asibiti za a tafi a ranar.